Manyan Haruffan Baba Manasse

A shekarar 1998, in ka ce wa mutumin Maiduguri za a aiko masa da wasiƙa ta cikin wayar tarho, sai ya dube ka ya yi maka addu'ar samun lafiya. Amma akwai wani ɗan shago a Gwange, ƙarƙashin darbejiya biyu, inda hakan ke faruwa kullum da ƙarfe goma na safe. Kwamfuta ɗaya ce, adireshin imel ɗaya, unguwa guda na amfani da shi. Injin ya yi ta ƙara kamar ana yanka zakara, wasiƙu su sauko, a buga su a takarda, a jefa wa kowa tasa a raminsa na katako. Wanda bai ga wannan zamani ba ya yi rashi.

Mai kula da shagon shi ne Baba Manasse, tsohon ma'aikacin gidan waya. A ranar Litinin ɗin da labarin nan ya soma, yana zaune a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, an cire masa bel da takalmi.

Sufeto Nasidi ya shigo ya gan shi, ransa ya ɓaci. Tun yana kurtu, wannan dattijon ne ke miƙo masa wasiƙun mahaifiyarsa daga Kano ta tagar gidan waya.

"Kofur, me ya kawo Baba nan?"

"Sata, yallaɓai. Ga mai ƙara can."

Mai ƙarar malamar firamare ce daga Shehuri, Malama Kellu, zaune a benci da sandunan guragu biyu a gefenta. Mota ce ta cinye mata ƙafar hagu shekara biyu da suka wuce.

"Wana da ke Jamus ya sa aka yi mini ƙafar roba daidai awona," in ji ta. "Jiya ya bugo waya gidan maƙwabta yana tambaya, ya ƙafa? Na ce wace ƙafa? Ya ce ai mako uku ke nan da ya turo imel cewa akwatin ya iso tasha, in kai takardar in karɓa."

"Kin je tashar?"

"Na je. Suka ce an karɓa tuni. Ga sa hannu, Manasse."

Sufeto ya juya wajen dattijon. "Baba, ka ga wasiƙar?"

"Nasidi, idona bai taɓa sauka a kanta ba. Shekara talatin da biyar ina aikin wasiƙa. Jiya a bayan motar 'yan sanda aka ratsa Gwange da ni, jikokina suna kallo."

Di-Pi-O, shugaban ofishin, ya riga ya ce ranar Laraba za a kai Baba kotu. Kwana biyu ke nan a hannun Sufeto.

Ya fara da tasha. Akawun ofishin kaya ya ce shi mutum ɗari yake gani a wuni, wanda ya zo kuma ya naɗe fuska da rawani. Amma ya ajiye takardar da aka kawo. Sufeto ya karɓa ya duba. Haruffanta ƙanana ne, sirara, a jere daidai wa daida irin na tafireta. A can ƙasa injin ya buga ranar da aka fitar da ita: Laraba, sha biyu da kwata na rana. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

A shagon ya tarar da Florence, mai buga takardu, budurwa mai yawan murmushi wadda yau murmushin ya ƙi zuwa.

"Nuna mini wasiƙar Malama Kellu."

"Babu ita, yallaɓai. Na duba, Baba ma ya duba."

Sufeto ya ja kujera. Shi bai san kan kwamfuta ba, amma ya san rajista. Ya ga layi huɗu kacal a fuskar injin.

"Waɗannan na yau ne. Ina na jiya? Ina na makon jiya?"

"Kwanan nan da zarar an karanta wasiƙa sai ta ɓace. Baba har murna ya yi, ya ce injin ya koyi share ɗakinsa."

"Da can haka yake yi?"

"A'a. Da duk suna nan a jere, sababbi da baƙin rubutu mai kauri, waɗanda aka karanta kuma da siriri."

"Tun yaushe ya koyi sharar?"

Florence ta yi lissafi da yatsu. "Kamar mako uku."

"To abin da ya koya, wani ne ya koya masa. Nemo mini wurin."

Ta daɗe tana lalube da ɗan linzamin nan da suke kira ɓera. Can ta gano inda ake zaɓar yadda wasiƙu za su fito. An sa alama a kan a nuna waɗanda ba a karanta ba kawai. Ta mayar da ita kan a nuna duka. Nan take wasiƙu suka cika fuskar injin, kuma ga ta Jamus a tsakiyarsu da siririn rubutu. Ba goge ta aka yi ba. An karanta, aka rufe ta da mayafi.

"Buga mini ita," in ji Sufeto.

Takardar ta fito da haruffa manya-manya masu ƙiba, har ta ci shafi biyu. Ya ɗora ta kusa da ta tasha. Magana ɗaya ce, amma kamar kaka da jikarta.

"Me ya sa naku suka yi girma haka?"

"Idon Baba ne. Tun ranar farko ya sa aka ƙara musu girma, ya ce kada kowa ya taɓa. Tsofaffin unguwa ma sun fi son haka."

"Ranar Laraba da rana wa ke shagon nan?"

"Baba yana zuwa asibitin ido duk Laraba. Ni kaɗai ce."

"Ba wanda ke zama a kujerar nan sai ku biyu?"

"Babu, yallaɓai."

Ta faɗa da sauri fiye da kima. Sufeto ya lura. Haruffan tafireta da mai buga tafireta, abin ya yi sauƙi da yawa, shi kuwa bai yarda da abu mai sauƙi ba.

Ya tashi ya shiga zaro takardun da ke cikin ramukan katako. Ta Pindar mai koyarwa, manyan haruffa. Ta Hajiya Zainaba daga ɗanta a Jidda, manyan haruffa. Ya zo ramin da aka rubuta Maikuɗi, ya zaro wata mai cike da lambobi a warwatse, wannan ya hau kan wancan.

"Wannan fa, wa zai iya karanta ta?"

"Ta Alhaji Maikuɗi ce, mai kayan gyaran mota. Jerin lambobin kaya ake turo masa daga Dubai. Kullum yana mitar cewa haruffan Baba suna karkata masa layi."

Washegari da safe Sufeto ya aika aka kira Maikuɗi shagon. Ya iso da babbar riga da ƙamshin turare, yana gaisuwa da hannu biyu.

"Alhaji, ka iya injin nan?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ko kunna shi ban iya ba. Ni da boko sai daga nesa."

"Ranar Laraba ta mako uku da suka wuce kana ina?"

"Ina shagona, wuni guda."

"Madalla. Abin da ya sa na kira ka daban ne. Injin nan shaida ne, yanzu za mu ɗauke shi zuwa ofis, kuma sai shari'a ta ƙare zai dawo. Wata shida, wataƙila shekara. Na ji an ce saƙonka ya sauko yau, shi ya sa na ce a bari ka gani."

Fuskar Maikuɗi ta canza. Florence ta buɗe saƙon, lambobi suka fito a hargitse kamar kullum. Sufeto ya ce mata ta zo waje ta nuna masa inda wayar tarho ta shigo, suka bar Alhaji shi kaɗai.

Ba su yi minti uku a ƙarƙashin darbejiya ba suka ji firinta, na'urar buga takardu, ta soma kuka.

Sufeto ya koma ciki a hankali. Maikuɗi na kan kujera, ɓera a hannunsa, lambobinsa sun jeru tsaf a fuskar injin cikin ƙananan haruffan tafireta. Sufeto ya zare takardar tun da ɗuminta, ya shimfiɗa ta kusa da ta tasha.

"Alhaji, ashe bokon ya matso kusa."

Florence ta fashe da kuka daga bakin ƙofa. "Yallaɓai, ƙarya na yi. Ranar nan na je wurin tela gwajin kayan bikina, na bar masa shagon awa guda. Ya saba zama in Baba ba ya nan. Na ji tsoron a kore ni."

"Kika bar tsoho ya kwana biyu a kan siminti," in ji Sufeto. Ya juya ga Maikuɗi.

Maikuɗi ya cire hula ya share gumi. "Tsautsayi ne, ranka ya daɗe. Ina duba nawa sai idona ya faɗa kan wannan. An ce akwati daga Jamus, a kula da shi, abu ne mai tsada. Ba a faɗi ko mene ne ba. Na ɗauka kayan inji ne. Na buga, na ɓoye wasiƙar, na mayar wa Baba da haruffansa. Ban tuna cewa takardar ta riga ta fita da nawa ba."

"Sa hannun fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sunan da ya zo mini ke nan."

"Ina akwatin?"

"Yana shagona, bayan tayoyi. Wallahi da na buɗe na ga ƙafar mutum har da yatsu, sai da na zauna a ƙasa. Mako uku ban yi barcin kirki ba. Na rasa yadda zan mayar."

"Ka san hanyar tasha, ka san hanyar Shehuri. Kofur, sa masa ankwa."

Da la'asar aka buɗe akwatin a ofis gaban Malama Kellu. Ta daɗe tana shafa ƙafar, sannan ta dubi Baba Manasse, wanda ke ɗaura bel ɗinsa.

"Baba, ka yafe mini."

"Ke ma zaluntarki aka yi, 'yata. Je ki gwada abinki."

Aka fito da Maikuɗi za a sa shi a mota. Direba ya ce in an sauke shi sai a wuce da Baba gida.

"Baba ba zai ƙara shiga motar nan ba," in ji Sufeto.

Ya gyara hularsa, ya ɗauki jakar dattijon ya rataya a kafaɗa. Da ƙafa suka tafi Gwange, Baba Manasse a gaba, Sufeto a bayansa da taku ɗaya. Duk majalisar da suka zo wucewa sai Sufeto ya tsaya ya yi sallama, ya ɗaga murya yadda na cikin gida ma za su ji.

"Jama'a, na rako Baba gida. Kuskure muka yi, ba shi da laifin komai."

Sau goma sha ɗaya ya faɗa kafin su kai ƙofar gidan.