Man Ƙosai a Kan Taurari

Akwai wata yarinya a Daura, ba ta ganin abu ba ta taɓa ba. Kullum kakarta tana ce mata, "Ke, hannun nan naki sai ya ja miki."

Ran nan aka kawo wani babban tanti makarantarsu daga Katsina. Aka hura masa iska, ya kumbura kamar rumbu. A cikinsa akwai na'ura mai haska taurari a rufi.

Malam Sada, mai kula da ita, ya ce, "Tsohuwar na'urarmu dishi-dishi take nunawa. Wannan sabuwa ce fil. Kada wanda ya taɓa gilashinta."

Yarinyar nan ta ci ƙosai lokacin tara, ba ta wanke hannu ba. Da ajinsu ya shiga, ta ga gilashin yana ƙyalli. Ta faki ido, ta dangwala yatsa.

Aka kashe fitila. Taurari suka fito. Amma a tsakiya sai ga wani ƙaton dabbare.

Ƙawarta Kande ta ce, "Malam, hadari ya haɗo!"

Aka kwashe da dariya. Malam Sada bai yi ba. Ya ce, "Nan ne Kaza da 'Ya'yanta suke."

 Su ne taurarin da yarinyar ta yi wa kakarta alkawarin gani.

Malam Sada ya shinshina gilashin. "Man gyaɗa ne."

Malama Hasana, malamar ajin, ta ce, "In mai laifi ta yi shiru, duk ku fita."

Yarinyar ta miƙe. "Ni ce, Malama. Bari in goge da hijabina."

Malam Sada ya ce, "Kul! So kike ki karce shi?"

Ya goge gilashin da wani ƙyalle mai laushi. Ita kuwa aka kora ta waje, ta wanke hannu da sabulu. Tana jin 'yan ajinsu suna ta murna.

Sai da 'yan aji ɗaya za su shiga aka bar ta ta bi su, hannunta a baya. Ga Kaza, ga 'ya'yanta, tar da su.

A gida ta gaya wa kakarta komai.

Kaka ta ce, "Da me kika gan su?"

"Da ido, Kaka."

"To, kin ji. Abin da ba naki ba, ido ya ishe ki."