Safar Hannun Kawu Lawwali

Ku matso. Sadiya, rage fitilar nan. Kai Mubarak, in ka san za ka jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun sha tambayata me ya sa Kawu Lawwali ba ya cire safa daga hannunsa na dama, ko ana zafin bazara. Yau zan faɗa muku. Wanda ya kai masa labarin nan, ni da shi ne.

Shekarar da 'yarsa Nusaiba ta fara tafiya, Turawan da ke sayen jar fata a wurinsa suka gayyace shi Milan, can ƙasar Italiya. Suka sauke shi a wani otal na 'yan gayu. Tsohuwar majema ce aka gyara. Bango baƙi, daɓe sumul, kana ganin fuskarka a ciki. Fitilun baranda ba a kunna su. Kana tafe suna kamawa, ka wuce su mutu. Kujera ma, in ji shi, sai ka zagaya ta kafin ka gane ta ina ake zama.

Abin da ya dame shi banɗaki ne. Ba ƙofa. Ga gado, ga wurin wanka, gilashi kawai a tsakani. To a ina mutum zai tsaya ya yi addu'ar shiga? Kuma babu buta. Kawu, kun san shi da dabara, sai ya mayar da butar lantarki ta dafa shayi ta zama ta alwala.

Lokacin sanyi ne. Da almuru ya jona ruwa don ya ɗan yi ɗumi, ya shagala da waya, ruwa ya tafasa. Ya ɗauka ya sheƙa a magudanar banɗaki. Ba bisimilla. Ba "a kauce". Abin da ko ke Sadiya ba za ki yi ba. Shi a ransa, ina aljani a ƙasar Turawa?

Sai ya ji ƙara. Siririya, daga ƙarƙashin daɓe. Ya ce bututu ne.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mace ce cikin kayan ma'aikatan otal, ta rungumo tawul kamar mai jariri. Barandar bayanta duhu ƙirin. Ta taho tun daga can, ko fitila ɗaya ba ta kama mata ba. Ya dubi daɓe. Ga ƙafafunsa a ciki, har da silifas. Inda take tsaye, babu komai.

"Lawwali," ta ce, da Sakkwatanci irin na tsofaffinmu. "Mi ɗiyata ta yi maka?"

Kawu ya ce, "Baiwar Allah, ban san da kowa ba."

"A gida ka kan sani. Nan ne ka raina mu?" Muryarta ko rawa ba ta yi. "Cikin fatun kakanninku muka zo garin ga. Mun daɗe ba mu ji Hausa ba. Yarinya ta ji ta bakinka, ta matso ta ga ɗan gida."

Wallahi duk sanda na zo nan sai tausayi ya kama ni.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Inna Ramatu, tana kuka. "Alhaji, Nusaiba! Tana kan cinyata, ba wuta ba ruwa, hannunta sai tashi yake!" A bayan muryarta yana jin ihun yarinyar. Irin ƙarar da ya ji ƙarƙashin daɓe, sak.

"Hannu a madadin hannu," mai tawul ta ce.

Kawu ya zube a kan gwiwa. "Ni na zuba. Nusaiba ko magana ba ta iya ba. Ga wanda ya yi laifin." Ya miƙa hannun dama.

Ta dubi hannun. Sannan ta buɗe tawul. Bai ga kowa a ciki ba. Ya dai ji 'yan yatsu ƙanana sun riƙe bayan hannunsa. Zafi ya ratsa shi har ƙashi. Ya cije leɓe. Bai janye ba, don yana jin kukan Nusaiba na raguwa a waya. Yana raguwa. Har ya tsaya.

"Alhaji," Inna Ramatu ta ce da raɗa, "ya baje. Kamar ba a yi ba."

Ya ɗaga kai, babu kowa. Ya leƙa baranda, fitila ta kama masa, shi kaɗai.

Sau ɗaya na taɓa ganin hannun, yana alwala bai san ina wurin ba. Tabon ƙuna ne, sawun yatsu biyar, ba su kai na Mubarak girma ba. Nusaiba ba ta sani ba har yau. Tsokanarsa ma take yi, wai Baba ɗan gayu mai safa ɗaya. Shi dai murmushi yake, ya shafa kanta da hagu.

Don haka ko ina kuka je, ko gidan gilashi ne a ƙarshen duniya, kada ku ɗauka ku kaɗai ne a ɗaki. Ruwan zafi ba ya taɓa ƙasa sai da sunan Allah.

Sadiya, ruwan can da ke kan murhu, ke za ki zubar. Mubarak, raka ta. A'a, ba ruwana, ku dai kun san abin da za ku ce.