Wayar Kan Aduwa

"Ga shi nan, Salamatu."

Na zura wa gilashin na'urar ido, ban ga komai ba sai ɗige-ɗige kamar an watsa gero a kan baƙin zane.

"Ina?"

Dado ya ɗora yatsa a kan wani siririn farin layi da ya ratsa tsakiya.

"Wannan fito ne. Fiton Lawali."

Na zube a kan kujera, kwalin kaset ɗina yana kan cinya.

"Ƙarya kake!" na ce. "Na saurari kaset ɗin nan har kunnena ya yi ciwo. Babu komai a ciki sai shuuu!"

"Kunnenki ne bai kai ba," in ji shi. "Ordinatar ɗin nan, kwamfutar da kike gani, rariya ce. Tana zubar da tsakin, ta bar garin."

Dado abokin Lawali ne tun suna lakwal, wato makarantar boko. Shi ya aiko mini daga Damagaram, inda yake aikin na'urori a wani biro, wato ofis, ya ce in zo da duk kaset ɗin da na taɓa ɗauka. Ban san me ya sa na zo ba. Shekarata huɗu da aure, kuma na rantse sunan Lawali ba zai sake fita daga bakina ba.

Amma rantsuwar mai so, ai kun san ta.

Lawali mai gyaran rediyo ne a kasuwar Tanut, ni kuma ina koyarwa a lakwal ɗin 'yan mata. Na kai masa rediyon Baba gyara, ya riƙe shi wata guda don in riƙa dawowa, ni ma ban taɓa yi masa ƙorafi ba. Da hannunsa ya harhaɗa wani akwati da yake magana da mutanen nesa, waɗanda bai taɓa gani ba. Kafin ya ce komai sai ya yi fito sau uku.

Baba ya ƙi shi tun ranar farko.

"Mai hira da iska zan ba ɗiyata? Ga Ahmadu ɗan kawunki, mai shago, mai ƙafa a ƙasa!"

Ana cikin wannan ja-in-ja wani ya kai tsegumi wai Lawali yana aika maganar gari zuwa ƙetare. Lokacin soja ne, ba a wasa da irin wannan zance. Ya tattara akwatinsa zai bi motar arewa, can bayan Agadas. Kafin ya tafi ya zo gidanmu, ya ja doguwar waya daga tagar ɗakina har ƙololuwar aduwar bayan gida. Ya ba ni rediyo mai kaset, ya ɗiga jan farcena a kan wurin da zan tsayar da allura.

"Kowace Juma'a bayan la'asar, sahibata. Ke ba ki da abin amsawa, amma za ki ji ni."

"In ka gaji fa?"

"Ranar da kika ji shiru, ki yi mini addu'a. Na mutu ke nan."

Na kai masa duka a kafaɗa, ina dariya ina hawaye.

Watannin farko muryarsa tana zuwa tas, kamar yana zaune a bakin gadona. Ina ɗauka a kaset, in yi ta maimaitawa har wata Juma'ar. Sai damina ta zo, iska ta girgiza aduwa, wayar ta saki. Ahmadu ya naɗe wando ya ce bari ya hau ya ɗaure mini.

Har godiya na yi masa. Har fura na dama masa!

Daga wannan Juma'ar ban sake jin Lawali ba.

Na yi masa addu'ar mamaci, na yi kuka har Inna ta tsorata. Sai wani direba ya ce ya gan shi da ransa, lafiya lau, yana gyaran rediyo. Wannan labarin ya fi mutuwar zafi. Ashe gajiya ya yi.

Duk da haka ban daina ba. Taurin kai gadona ne. Kowace Juma'a in sa sabon pil, wato batir, in danna kaset, in zauna ina sauraron shuuu. Aka yi fari, mutanen Gangara da Tenhiya suka cika gari da ragowar dabbobinsu, kowa yana ta kansa, ni ina gadin rediyo.

"Ɗiyar nan ta zautu," in ji Baba.

"Ki haƙura, ƙanwata," in ji Ahmadu, murya ƙasa-ƙasa. "Wanda ya manta da ke, ki manta da shi."

Ba wanda ya tilasta mini. Da bakina na ce na yarda, don haushi kawai. Na rufe kaset ɗin a kwali, na bi Ahmadu Belbeji.

"Saurara," Dado ya katse mini tunani. "Wannan shi ne na ƙarshe da kika ɗauka. Tun jiya na'urar take tace shi."

Ya danna wani abu.

Shuuu ɗin ya yi baya. Fito sau uku. Sannan wata murya siririya ta taso, kamar daga ƙasan rijiya.

"Salamatu... hasken idona... yau ma ga ni. Na samu ɗaki mai taga biyu. Na san kina ji. Ki ƙara haƙuri kaɗan..."

Na toshe bakina da mayafi.

Na san ranar. Juma'ar da aka sa ni a lalle ce. Hannuwana suna cikin zunguru, da gwiwar hannu na danna kaset ɗin, na ce wannan ne na ƙarshe.

"Wayyo Allah, Dado! Yana nan! Duk lokacin nan yana nan!"

"Babu Juma'ar da ya tsallake. Na duba su duka." Ya sake nuna gilashin. "Dubi na farko-farko, layin kauri gare shi. A nan kuma, rana ɗaya, ya koma kamar zare. Ba daga wajensa ba ne. Wayarki ce aka raba da rediyon."

"Wayar tana nan. Har yau Inna tana shanya a kanta."

"To, ki je ki duba sama."

Na share ido, na miƙe.

"Ina yake? Ka faɗa mini garin, yau zan nemi mota!"

Dado ya sunkuyar da kai.

"Dado?"

"Ciwon ƙirji ne. Wata biyu ke nan da aka binne shi."

Ban yi ihu ba. Ihun ma ya ƙi zuwa.

"Ya san na yi aure?"

"Ni na faɗa masa. Ya ce ba zai rubuto ba, kada ya ɓata miki gida. Amma bai bar Juma'a ba. Ya ce alkawari ya yi, ko kin kunna ko ba ki kunna ba."

"Shekara huɗu? To waɗannan maganganun... ina suke? Tace mini su!"

"Ba a ɗauka ba, Salamatu. Abin da ba a ɗauka ba, babu rariyar da za ta dawo da shi."

Ban wuce zuwa Belbeji ba, a Tanut na sauka. Na jingina tsani a jikin aduwa, ina matar aure, Inna tana salati a ƙasa. Ƙaya ta yage mini hannu, ban ji ba.

A cikin ganye na tarar da ita. An datse wayar da wuƙa, aka haɗa bakin biyu da baƙar igiyar ɗaurin buhu, irin ta shagon Ahmadu. Daga ƙasa sai ka rantse lafiyarta lau.

Washegari Ahmadu ya biyo ni. Na ajiye masa igiyar a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallonta.

"Son ki ne ya sa," ya ce.

"Tsegumin ma kai ne?"

Ya kau da kai.

"Ka hau aduwa ka sha fura," na ce. "Yanzu ka sauka. Ka ba ni takardata."

Ya roƙa, kawu ya roƙa. Baba, wanda ya fi kowa baki a maganar, sai ya shige ɗaki. Ban koma gidan Ahmadu ba.

Ranar Juma'a na sake hawa, na kankare tsatsa, na murɗe bakin wayar biyu suka haɗu. Bayan la'asar na sa sabon pil. Rediyon ya farka garau, tashoshin duniya suna ta rige-rigen shigowa, har da harsunan da ban taɓa ji ba.

Na murɗa a hankali, na tsayar da allura a kan ɗigon jan farce.

Shuuu...

Na zauna har aka kira magariba. A karon nan wayar lafiyarta lau, shirun ne na gaskiya.

Na ɗaga hannu na yi masa addu'ar da ya ce in yi.