Hoton da Ridwan Ya Aiko Daga Jirgin Ruwa

A zauren Alhaji Barau da ke Jega ne Ridwan Magaji ya durƙusa yin sallama. Ɗan manomin albasa ne daga Aliero, kuma an riga an sa ranar aurensa da Naja'atu, ɗiyar Alhajin. A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ya samu sikolashif na wata takwas a wani jirgin ruwa mai yawo da ɗalibai ƙasa-ƙasa, ana karatu a cikinsa.

"Makaranta bisa ruwa?" in ji Alhaji. "To, Allah shi kiyaye."

Naja'atu ta leƙo, ido ya yi ja. "Don Allah ka aiko man hoto."

Sati biyun farko amai kawai ya sha. Daga baya ya saba: lacca da safe, wankin dandamalin jirgi da rana, gado bisa gado shi da Almu ɗan Maiyama. In za su yi salla sai sun duba kamfas, don alƙibla juyawa take da jirgin.

Ranar wani biki aka ɗauki ɗalibai hoto. Ridwan na riƙe da kofin lemo, wata baturiya 'yar ajinsu ta dafa kafaɗarsa tana dariya. Bai kawo komai a ransa ba ya aika wa Naja'atu hoton.

A tashar Mombasa wasiƙa ta iske shi, rubutun Tukur, yayan Naja'atu: "Baba ya ga hoto. Ya ce giya ce a hannunka, ga kuma mace. An mayar da kayan sa rana Aliero."

Ridwan bai yi kuka ba. Ya linke takardar ya tafi aji. Malami na bayani, shi kwanan wata kaɗai ya rubuta. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. In an tashi lacca sai ya jingina da ƙarfen jirgi yana kallon ruwa, babu tunanin komai, har a buga ƙararrawa.

"Haba, Ridwan!" in ji Almu. "Ƙazafi na wanga! Rubuta musu mai zafi su san ba su kyauta ba!"

"Uban Naja'atu na, Almu."

Ya ari rakoda ya ɗauki muryarsa a kaset. Ya yi gaisuwa, ya faɗi gaskiyar kofin, ya amsa cewa barin hannun nan a kafaɗarsa kuskurensa ne. Ya aika wa Alhaji. Wata huɗu babu amsa, ya ci gaba da shiga aji kamar wanda ake ja da igiya.

Da jirgi ya sauke su Legas, bai fara zuwa Aliero ba, Jega ya nufa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa.

"Na ƙi sauraren kaset ɗinka," ya ce. "Naja'atu ba ta yi man gardama ba ko sau guda. Amma kullum ta kawo man tuwo, sai ta aje rakoda kusa da akushi ta fita. Wata biyu! Ran da na kunna, rantse-rantse da baƙar magana nike jira. Sai na ji ka fara da tambayar ciwon ƙafata." Ya share ido da bakin rawani. "Ni na yi gaggawa, ɗana. Ka ce ma babanka su maido kaya."

Ridwan ya durƙusa zai yi godiya.

Daga bayan ƙyaure Naja'atu ta ce, "Sannu da zuwa, Kyaftin!"

Nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun Mombasa ya ƙwace masa.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Da ɗayansu ya mayar wa tsohon nan da magana a lokacin fushi, da sun rabu har abada. Haƙuri da ladabi ga iyaye ne suka maido musu da juna.