Makarantar da Auta Ta Haƙura da Ita

A zauren wani otel suka haɗu, ranar da makarantun kasuwanci suka zo tallata karatun MBA. Auta, ma'aikaciyar banki, tana tsaye gaban teburin makarantar da take mafarki tun tana jami'a, sai wani dogon saurayi ya taka mata gefen mayafi. Injiniya ne, shi ma gurbi yake nema. Haƙurin da ya yi ta bayarwa ya yi yawa har ya ba ta dariya. Da lambarta ya bar zauren.

Kafin wani lokaci soyayya ta yi nisa. Da yamma sukan zauna a falon gidan su Auta, kwamfuta a tsakaninsu, suna tace makarantu. Ita ta nesa take so, wadda ta yi suna a harkar kuɗi. Shi kuwa na kusa yake dubawa saboda aikinsa. Abbanta ma ya riga ya yanke hukunci: 'yarsa ba za ta yi nisa ba aure ba, kuma bai ga alamar aure a wurin mai zuwa da kwamfuta maimakon magabata ba. Sai ta haƙura da tata, ba ta yi ƙorafi ba.

Wata safiya wani abokin aikinta, wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa, ya tare ta a bakin lif.

"Ashe mutumin naki makarantar nesa ya nema? Tare muka yi intabiyu jiya."

Auta ta sandare. Lif ya buɗe ya rufe ba ta motsa ba. Sai ta tura wa Injiniya saƙo:

"Makarantar da na bari dominka, ita ka nema a ɓoye? Allah ya ba da sa'a."

Amsa ta shigo nan take:

"Hasken idona, na ga fuskarki ranar da kika haƙura da ita, na kasa mantawa. Na so in samu gurbi in ba ki mamaki. Ba a rufe neman gurbi ba tukuna. Ki nema, mu tafi tare."

Ta nema. Da sakamako ya fito, ita aka ɗauka, shi ba a ɗauke shi ba.

Ta gama karanta sakamakon a waya, ta ɗago ta dube shi. "Ba inda za ni, Nawa."

"Za ki je," in ji shi a hankali. "Kamfaninmu na da reshe a can. Na nemi canji, sun yarda, amma sai na sauka daga muƙamina."

"Ka sauka?"

"Muƙami yana dawowa. Irinki fa?"

Da kawunsa ya zo da maganar aure, Abba ya cire tabarau ya ajiye, Umma kuma ta leƙo daga kicin.

"Ka ce matsayinsa ya bari don ta yi karatu?" Ya girgiza kai. "Ni da nake cewa yaron ba da gaske yake ba. To ku sa rana."

Ranar da za su tafi, bayan ɗaurin aure, Abba ya riƙe hannun Injiniya ya ƙi saki.

"Baɗi ka sake nema, ka ji ko? Allah ya yi muku albarka, ya sa ku dawo mini da digiri biyu."

"Da jika," in ji Umma.

Auta ta rufe fuska, kowa ya ce amin.