Reshen Da Aka Ce A Yanke

"Ajiye wuƙar nan, Rahmatu."

Ba ta ajiye ba. Tana tsugunne gindin furen wardi mai hawa katanga, mahaifinta Malam Bawa na tsaye a kanta, Gwaggo Delu na leƙe ta bayansa.

Atiku, mai neman aurenta, shi ne ya kawo dashen daga Kalgo, inda yake aikin renon itatuwa, farkon damina ta 1988. Ranar Malam Bawa ya kalle shi sama da ƙasa, ya ce mai noman abin da ba a ci ba zai riƙe masa ɗiya ba. Da aka matsa masa, ya gindaya sharaɗi: in abin nan ya yi fure a zafin Gwandu kafin a yanke gero, to a zo a yi magana.

Rahmatu ta dasa shi jikin katangar yamma, inda rana ke sakinsa da azahar. Rassa uku suka fito kamar bulala, har sun kusa kan katanga. Na huɗu kuwa siriri, kamar ba zai kai gobe ba.

Hamidu, ɗan Gwaggo Delu, wanda shi ma yake sonta, ya ba da shawara.

"A cire siririn, kamar yadda ake rage gero."

Kowa ya gyaɗa kai. Gidan manoma ne, ba wanda ya tsaya tambaya ko wardi gero ne.

Ita dai wani abu ya tsaya mata a rai. Me ya sa ganyen manyan bai yi kama da na siririn ba? Ta ƙulle ganye biyu a bakin gyalenta, ta tafi Kalgo gaida yayarta.

"Ganyen manyan bakwai-bakwai ne a sanda, na siririn biyar-biyar," ta ce wa Atiku a zaure. "Uwa ɗaya ta haife su kuwa?"

Ya daɗe yana kallonta.

"Rabin raina... wa ya ce ki ƙirga?"

"Sai an ce?"

"Haɗi ne, irin na mangwaro. Gindin na daji ne, don ya jure zafi. Duk abin da ya fito ƙasan ƙullin na dajin ne, ƙwace abinci kawai yake. Siririn shi ne mai ƙamshi."

"Ga Hamidu ya ce..."

"Hamidu ya yi shekara biyu yana aiki tare da mu. Ya sani."

Abin da ya kawo ta gindin nan da wuƙa ke nan.

"Masu ƙarfin za ki sare?" in ji Gwaggo Delu. "Yaya, ɗiyarka ta taɓu."

"Baba, in na yi kuskure, ni na ɓata wa kaina. Ba zan ƙara ambaton Atiku ba."

Malam Bawa ya matsa gefe.

Ta sare ukun.

Kwana arba'in katangar na tsirara, matan gida na dariya. Ta kwantar da siririn a gicciye, ta ɗaure da tsumma, ta lulluɓe gindin da ƙaiƙayi.

Saura mako guda a shiga yankan gero, da hantsi, ta tarar da mahaifinta sunkuye, hancinsa cikin jan fure. Huɗu ne suka buɗe.

Ya miƙe da sauri, yana gyaran hula.

"Ƙaya nake dubawa."

"To, Baba."

"A aika Kalgo, ya turo manyansa." Ya kai bakin zaure, ya juyo. "Shi ma ya biyo su. Akwai mangwarona na fadama, shekara bakwai ko ɗa ɗaya. Ya zo ya gaya min mi na yi mishi."