Bulo a Cikin Bokiti

"Ba zan ba mai ginin laka 'yata ba."

Haka Baba ya faɗa, Mai Zane yana durƙushe a gabansa a falo. Ni kuwa ina bayan labule ina saurare.

Ni na laƙaba masa Mai Zane, don zanen gidaje ya karanta. Abokan karatunsa duk sun koma zana wa masu hannu da shuni benaye, shi kuwa bawan Allah ya tare a bayan gari, yana gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje da bulon ƙasa, wanda ake matsewa a inji da ɗan siminti. Ranar da na fara ganinsa, yana tsugune a tsakiyar mata da fensir a kunne, yana tambayarsu inda suke son taga da inda hayaƙin girki zai bi ya fita. Wallahi a nan zuciyata ta tafi, ko sallama ba ta yi mini ba.

Baba ba mugu ba ne. Yana yaro bangon laka ya rufta wa mahaifiyarsa da damina, a gaban idonsa aka tono ta. Tun daga nan ko zancen ginin ƙasa ba ya son ji.

Da Umma ta matsa masa da roƙo, sai ya ce a kawo masa bulo ɗaya. Ya cika bokiti da ruwa, ya tsunduma shi a ciki, ya ajiye a tsakar gida.

"In ya narke, maganar ta narke."

Kullum da safe ni ce a bakin bokitin nan kamar mai jinya. Da farko shiru. Ana nan sai ruwan ya soma ja, gefen bulon ya fara zaizayewa. Na kira Mai Zane ina kuka.

"Masoyi, ka kawo wani in musanya kafin Baba ya gani... don Allah."

"Rabin raina, in na yi wa Baba ƙarya a kan bulo ɗaya, da wane ido zan kalli masu kwana a cikin gidajen?"

"To ka auri gaskiyar taka!"

Na kashe wayar. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, kuma a lokacin na fi sonsa.

Washegari sai ga shi. Da hannunsa ya tsamo bulon ya ajiye a gaban Baba, ya nuna masa inda ya cinye. Ya ce gaskiya ne, ƙasa ba ta son zama cikin ruwa, kuma duk wanda ya ce tana so ya yi ƙarya. Shi ya sa ba ya barin ta ta zauna a ciki: da dutse yake ɗaga tushe har gwiwa, ya faɗaɗa bakin rufi, ya fitar wa ruwa hanya tun kafin a ɗora bulo. Ya roƙi Baba ya zo ya duba ranar da ake ruwa, in ya sami bango ɗaya a jiƙe, shi da kansa zai janye.

Baba ya tashi ya shige ɗakinsa.

Wata la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai na ga Baba ya ɗauki lema, ya ce in taso mu je gidajen da Mai Zane ya gina.

Gida-gida ya bi yana shafa bango, Mai Zane na biye da mu cikin ruwa, ya jiƙe sharkaf. A gidan ƙarshe wata tsohuwa ta ce mu shigo mu fake. Tana zaune a gado ta jingina da bango, tana ɗinke wa jikanta riga, ko a jikinta. Ta ce a tsohon ɗakinta da hadari ya haɗu take jan gadonta zuwa tsakiyar ɗaki, amma tun da yaron nan ya gina mata wannan, ta manta da jan gado.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ɗora tafinsa a bangon, daidai bayan kanta.

"Inna ma haka take yi," in ji shi a hankali. "Ranar nan ce kawai ba ta ja ba..."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Na riƙe hannunsa, nawa na zuba.

Ya share fuska da bakin riga, ya juya wajen Mai Zane da ke tsaye a ƙofa yana rawar sanyi.

"Shigo mana, ɗana. So kake mura ta kama min suruki tun ba a ɗaura ba?"